Gasa Wutsiyar Lobsta da Man Shanu Mai Haɗi: Tambayoyi da Amsoshi

Lobsta dabbar teku ce, babbar yayar jatan lande. Wanda ya saba gasa naman sa ko na rago yakan ɓata ta a karon farko, domin yana ba ta wuta da lokaci irin na tsire. Naman wutsiyarta kusan ba shi da kitse ko kaɗan. Minti shida zuwa tara sun ishi matsakaiciyar wutsiya, in aka ƙara biyu ko uku sai ta koma kamar roba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan gashi.

Wace ce lobsta mai kama da silifa, kuma me ya raba ta da sauran?

Iri uku ne ake yawan gani a kasuwa. Ta farko ita ce mai manyan hannaye biyu kamar na ƙaguwa, wadda ake kamawa a ruwan sanyi na arewacin Atlantika, musamman jihar Maine ta Amurka da gabashin Kanada. Ta biyu mai ƙaya ce: ba ta da waɗannan hannaye, sai dogayen ƙahoni biyu da jiki mai tsini-tsini. Ita ce ake kamawa a gaɓar Afirka ta Yamma daga Muritaniya har Angola, da kuma Bahar Maliya, kuma masu jin Faransanci a Kwatano da Lome suna kiranta langouste. Yawancin wutsiyoyin da ake sayarwa a daskare daga irin wannan suke.

Ta uku ita ce mai kama da silifa. Jikinta a baje yake kamar an taka ta, ƙahoninta kuma faffaɗa ne kamar ƙananan faranti a gaban kai, tana lafewa cikin yashi ko a kan duwatsun ƙasan teku. A Ostareliya akwai iri biyu sanannu, Moreton Bay bug da Balmain bug. Idanun ta farko suna can gefen kai, na ta biyu kuwa suna kusa da tsakiya, kuma ita ta biyun wani lokaci namanta kan zo da wari mai kama da na tafarnuwa. Duk naman silifa a wutsiya yake, bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ba. Da yake naman siriri ne, ya fi na sauran saurin nuna, ya kuma fi su saurin bushewa.

Halal ce?

A mazhabar Malikiyya duk dabbobin teku halal ne, ba sa buƙatar yanka, bisa aya ta 96 a Suratul Ma'ida. Shafi'iyya da Hambaliyya ma sun halatta irin waɗannan. Hanafiyya ne suka taƙaita halaccin ga kifi. Abin lura shi ne man shanun da ake haɗawa a gidajen abincin Turai sau da yawa ana zuba masa farar giya. Ruwan lemun tsami yana yin wannan aikin sarai.

Yaya zan gane mai kyau a wurin saye?

Hanci ne alƙali na farko. Lafiyayyar lobsta ƙamshin ruwan teku take yi, da ɗan ƙarni kaɗan. In aka ji zarni, ko da kaɗan ne, a bar ta, domin wannan alamar ruɓa ce, kuma wuta ba ta gyara shi.

In mai rai ce, a ɗaga ta a gani ko tana naɗe wutsiya da ƙarfi. Wadda wutsiyarta ke reto, ƙafafu sun saki, ta kusa mutuwa. Wadda ta riga ta mutu kuma ba a cire mata kai ba, ba a san tun yaushe ba, kada a saya kome arharta. A duba ƙarƙashin wutsiya kuma: in akwai tarin ƙwai manne a wurin, mace ce mai ɗauke da ƙwai, ƙasashe da yawa sun haramta kama irinta, kuma bai kamata mai saye ya ƙarfafa wa masunta gwiwa a kan hakan ba.

In daskararriya ce, naman ya zama fari mai ɗan toka-toka, babu rawaya a gefe, babu bushewa. Garin ƙanƙara mai yawa a cikin leda yana nuna ta narke an sake daskarar da ita, abin da ke yawan faruwa inda wutar lantarki ba ta tsayawa. A lura da kaurin ƙanƙarar da aka lulluɓe wutsiyar da ita, don ana auna ta tare da naman. Wutsiya mai giram 150 zuwa 200 ita ta fi daɗin gashi. Manya masu giram 400 suna burge ido, amma bayansu kan ƙone kafin cikinsu ya nuna.

Na samu mai rai. Me zan yi kafin gashi?

Kada a sa ta cikin ruwan famfo, yana kashe ta. A ajiye ta a firij, a rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma, a gasa a ranar. In lokaci ya yi, a sa ta a firiza na minti 20 zuwa 30 har ta daina motsi, sannan a kwantar da ita a kan katako, a soka tsinin babbar wuƙa a tsakiyar kai, a danna da sauri a raba kan biyu, a ci gaba da tsagawa har ƙarshen wutsiya. Ɗora ta a wuta da ranta azabtarwa ce. Ƙasar Suwizalan ta hana jefa lobsta cikin tafasasshen ruwa ba tare da an sumar da ita ba tun 2018, dokar Birtaniya ta 2022 kuma ta sa ta cikin dabbobin da aka amince suna jin zafi.

Yaya ake narkar da daskararriya?

A sa ta a kwano a ƙasan firij tun daren jiya, awa 12 zuwa 24. In ana sauri, a ƙulle ta a leda wadda ruwa ba ya shiga, a nutsar cikin ruwan sanyi, a canza ruwan bayan minti 30. Matsakaiciya kan saki cikin awa ɗaya. Ruwan zafi da shanyawa a rana duk ba su da kyau: bayan naman zai yi ɗumi ƙwayoyin cuta su samu wuri alhali cikinsa ƙanƙara ce. Za a san ta narke in wutsiyar tana lanƙwasuwa ba tare da turjiya ba. Wadda aka gasa da sauran ƙanƙara a ciki takan zubar da ruwa, ta manne wa ɓawo, gefenta ya yi tauri tsakiyarta ɗanye.

Wane yanka ya fi dacewa da garwashi?

Rabawa biyu a tsaye. A kifa wutsiyar bayanta yana sama, a bi tsakiyar ɓawon da almakashin kicin daga faffaɗan gefe har zuwa fiffiken ƙarshe, sannan a sa wuƙa a cikin tsagar a raba nama da fatar ciki. Ga silifa, wuƙa mai nauyi ta fi, don ɓawonta kauri gare shi: a soka a mahaɗar kai da wutsiya, a danna da tafin hannu, a raba wutsiyar, a juya a raba kan.

Bayan an raba, za a ga wani baƙin zare yana bin tsawon naman. Hanji ne, a zare shi da tsinin wuƙa. A cikin kan silifa akwai kayan ciki masu launin rawaya ko kore, a kwashe su da cokali, a ɗauraye wurin da sauri, kada a bar naman ya jiƙa a ruwa. A tsane shi sosai da tsumma mai tsabta. Daga nan a zura ɗan yatsa tsakanin nama da ɓawo a ɗan saki naman, a bar shi manne a ƙarshen wutsiya kawai. Wannan yana ba man shanu hanyar gangarawa ƙasa, kuma mai ci ba zai sha wahalar ɓamɓarowa ba.

Akwai wani yankan da ake ɗago naman a ɗora shi a bayan ɓawo. Yana da kyan gani, amma na tanda ne, inda zafi ke saukowa daga sama. A kan garwashi ba ya juyuwa da kyau.

Wane irin man shanu zan yi amfani da shi?

Da farko a karanta jikin kwalin. Yawancin abin da ake kira bota a shaguna man tsirrai ne da aka daskarar, ɗanɗanonsa daban, wasu kuma ruwa ya yi musu yawa. Wanda ake so shi ne na madarar shanu zalla, kuma marar gishiri ya fi, domin naman teku da gishirinsa yake zuwa.

Ɗanyen man shanu kusan kashi 80 cikin ɗari mai ne, sauran ruwa ne da burbushin madara. Burbushin nan shi ke ba shi gardi, shi ne kuma ke ƙonewa da wuri, tun wajen digiri 150 zuwa 175 a ma'aunin Celsius. Soyayyen man shanu, wanda aka dafa ruwansa ya ƙone aka tace, yana jure zafi har sama da digiri 230. Saboda haka a raba musu aiki: soyayye a shafa wa naman kafin ya taɓa waya, ɗanye mai haɗi kuma a zuba bayan an juya. Soyayyen man da aka ƙamsasa da albasa yana shiga da lobsta ƙwarai. Wanda ya daɗe har ya fara ɗan tsami mai ƙarfi kuwa zai danne zaƙin naman, a bar shi ga tuwo.

Yaya ake haɗa man?

Ga wutsiya huɗu masu giram 150 zuwa 200, ko silifa shida:

man shanu giram 120, a bar shi ya yi laushi amma kada ya narke
tafarnuwa ƙwaya 3, a daka ta lilis
gogaggen bayan lemun tsami guda ɗaya, koren kawai
ruwan lemun tsami babban cokali 1
lawashi yankakke ƙanana, babban cokali 2
attaruhu rabi, a cire 'ya'yan, a yanka sosai
gishiri rabin ƙaramin cokali
masoro kwatan ƙaramin cokali

A narkar da babban cokali ɗaya na man a wuta kaɗan, a zuba tafarnuwar ta yi minti ɗaya har ƙamshi ya tashi, a sauke tun ba ta canza launi ba. Minti biyar ɗin da za ta yi a kan lobsta ba ya isa ya kashe gafin ɗanyar tafarnuwa, shi ya sa ake fara yi mata haka. In ta huce a juye ta cikin sauran man tare da komai, a murza da cokali mai yatsu. Ruwan lemun a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan ana murzawa, in ba haka ba zai ware ya kwanta a gindin kwano. Wajen goge bayan lemun a tsaya da zarar fari ya bayyana, farin ɗaci gare shi.

A raba haɗin gida biyu tun kafin a fita wurin wuta. Kashi ɗaya na shafawa ne, ɗayan na kan tebur. Cokali ko buroshin da ya taɓa ɗanyen nama kada ya koma cikin na tebur.

Ana iya sauya haɗin. Ɗanyar citta ƙaramin cokali 2 da ganyen ɗoɗɗoya suna dacewa da silifa. Yajin ƙuli babban cokali 1 ma yana yin daɗi, sai dai a sa shi a man tebur kawai, domin gyaɗa tana saurin ƙauri a wuta. Kanumfari da kimba ƙarfinsu ya fi ƙarfin wannan nama, mu dai ba ma ba da shawararsu.

Zan iya jiƙa naman cikin lemun tsami da kayan yaji tun da safe?

A'a. Tsami yana dafa naman teku tun kafin ya ga wuta, ya sa bayansa ya yi fari ya yi gari-gari. Gishiri da ɗan mai minti 10 kafin gashi sun wadatar.

Wace irin wuta ake so?

Garwashin da ya gama ci, toka ta lulluɓe shi, babu harshen wuta. A tara kashi biyu cikin uku a gefe ɗaya na kurfoti ko murhun gashi, a bar ɗaya gefen da kaɗan, don a samu wurin gudu in mai ya ɗiga wuta ta tashi. Wayar gashi ta zauna kamar santimita 10 zuwa 12 sama da garwashi. A gwada da tafin hannu a daidai tsayin nan: in an iya jurewa daƙiƙa 4 zuwa 5, zafin ya yi. In daƙiƙa 2 ce, a jira. Kada a tada gawayi da kananzir ko leda, wannan nama yana ɗaukar wari nan take. A goge wayar tas, a bar ta ta yi zafi, a shafe ta da rabin albasa da aka tsoma a man gyaɗa.

To, gashin kansa fa?

A shafa wa fuskar naman soyayyen man shanu kaɗan, a barbaɗa gishiri. A kifa naman a kan waya ta gefen da ya fi zafi, minti 2 zuwa 3, kada a taɓa shi. Zai manne da farko, in ya yi shirin juyawa zai saki da kansa. Amfanin wannan zangon shi ne launi da ƙamshin hayaƙi, ba nuna ba.

A juya ɓawon ya koma ƙasa, a matsar da shi inda zafi ya fi sauƙi. Daga nan ɓawon ya zama kasko: yana kare naman daga garwashi, yana riƙe mai da ruwan da naman ke fitarwa. A ɗora ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu na man haɗi a kan kowane rabi. A rufe da murfi ko a kifa kwanon ƙarfe, a ba shi minti 4 zuwa 6, a ƙara mai sau ɗaya a tsakani. Za a ga man yana ɗan tafasa a gefen ɓawo, haka ake so.

Silifa minti 2 a kife, minti 3 zuwa 4 a kan ɓawo. Babbar wutsiya mai giram 300 zuwa 400 minti 3 zuwa 4 a kife, sannan 7 zuwa 9 a gefen sanyi da murfi. Waɗannan lokuta na kwatance ne, domin gawayi da iska sun bambanta, don haka a fara dubawa minti ɗaya kafin ƙaramin adadin ya cika.

Ta yaya zan san ta nuna?

Ba da jan ɓawo ba. Jan launin yana cikin ɓawon tun asali, wani furotin ne ya ɗaure shi, da zafi ya taɓa sai ya sake shi, kuma hakan na faruwa tun naman yana ɗanye. Ma'aunin zafin abinci shi ne abin dogaro: a soka shi a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ɓawo ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa digiri 63 a matsayin ma'aunin nunar abincin teku. A sauke a digiri 60, a bar shi minti 2 a faranti, zafin da ke ɓawon zai ƙarasa. Ga mai ciki, tsoho ko marar lafiya, a bari ya kai 63 tun a kan wuta. In babu ma'auni, a ɗan tsaga wuri mafi kauri da tsinin wuƙa. Ɗanye yana da sheƙi kamar gilashi, nunanne fari ne fat har tsakiya, yana da ruwa-ruwa, in an danna yana dawowa.

Nawa ya yi tauri. Na maƙwabcina kuma ya caɓe kamar kunu. Me ya jawo?

Matsaloli biyu ne daban. Tauri laifin wuta ne: da zafi ya haura digiri 70 zaren naman yana tsukewa ya matse ruwansa waje, kuma babu kitsen da zai rufa asiri. Alamarsa naman ya janye daga ɓawo ya ƙanƙance.

Caɓewa kuwa tun kafin wuta ta faru. Da lobsta ta mutu, sinadaran narkar da abinci da ke cikin kanta suna malalowa su fara cin naman wutsiya. In ba a cire wutsiyar an daskarar da wuri ba, ko an narkar an sake daskararwa, naman ya riga ya lalace, babu dabarar gashin da za ta ɗaure shi. In caɓewar ta zo da zarni, a zubar.

Wuta tana ta tashi tana baƙanta min nama.

Mai ya yi yawa, ko an zuba shi tun naman yana kife. A matsar da wutsiyar gefen sanyi har harshen ya kwanta. Kada a yayyafa ruwa, toka za ta tashi ta sauka a kan naman. In rabin wutsiyar yana karkacewa man yana zuba, a dunƙule takardar alminiyam a tokare shi.

Me ya sa wutsiyar ke naɗewa?

Tsokar da take iyo da ita ce ke tsukewa. Rababbiya ba ta cika naɗewa sosai ba. In ana son ta miƙe sambal, a zura tsinken tsire ta tsawon naman kafin gashi, bayan an jiƙa tsinken a ruwa na minti 30.

Ba ni da gawayi.

A kunna wutar sama ta tanda, a jera rababbun wutsiyoyi naman yana kallon sama, santimita 12 zuwa 15 daga wutar, a shafa man haɗi, minti 6 zuwa 8 ba juyawa. Kaskon ƙarfe mai kauri ma yana yi, da tsari iri ɗaya da na garwashi.

Nawa zan saya wa mutum ɗaya, da me za a ci?

Wutsiya ɗaya mai giram 150 zuwa 200, ko silifa biyu matsakaita. A haɗa da abin da zai sha man bai yi gasa da shi ba: farar shinkafa, gasasshen dankalin Turawa, gasasshiyar masara ko burodi. A narkar da man tebur a kawo da ɗuminsa, da yankakken lemun tsami.

Wa ya kamata ya guje ta?

Duk wanda jatan lande ko ƙaguwa ke sa wa ƙaiƙayi, kumburi ko borin jini. Furotin ɗin da ke jawo hakan iri ɗaya ne a jikinsu, kuma dahuwa ba ta kashe shi. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya bayan an ci, a garzaya asibiti nan take. Kada a gasa wa irin wannan mutum nama a wayar da lobsta ta hau sai an wanke ta.

Ragowar fa?

Kada gasasshiyar lobsta ta wuce awa 2 a waje, ko awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32. A cire naman daga ɓawo, a rufe a firij, a cinye cikin kwana biyu. Wajen ɗumamawa a sa shi cikin ɗan man shanu a wuta kaɗan na minti 2.

Man haɗin yana buƙatar kulawa ta musamman. An saba ajiye soyayyen man shanu a kwalba ba firij, amma da zarar tafarnuwa ta shiga, wannan ya ƙare: tafarnuwa a cikin mai, inda iska ba ta shiga, wuri ne da ƙwayar cuta mai fitar da mugun dafi ke iya girma. A firij kwana huɗu ne iyakarsa. In ana son ya daɗe, a mulmula shi kamar sanda a cikin leda, a sa a firiza har wata biyu, a riƙa yanko abin da ake buƙata.

Ɓawon ma kada a zubar. A farfasa shi, a soya da ɗan mai da albasa ɗaya na minti 5, a zuba ruwa lita ɗaya da tumatir biyu, a bar shi a wuta kaɗan na minti 30 zuwa 40, a tace. Da wannan romon ake dafa shinkafar gobe.